Yadda Muka Kai Jirgin Mai Sikeli Kano

Tun da na dawo Matamaye ban samu sakewa ba. In na fita masallaci a tare ni, in na shiga kasuwa a tare ni. "Isuhu, wai da gaske abin nan ya tashi?" "Isuhu, yaya Kanon?" Wasu don tausayi suke tambaya, wasu don su samu na hira. Na daɗe ina cewa a bari sai na huta. To, hutun bai zo ba, kuma na ga ba zai zo ba sai na faɗa. Ku zauna ku ji shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba.

Kun san Mai Sikeli, dogon Bafaranshen nan mai sayen gyaɗa da ke da rumfar kwano bayan kasuwa. Sunansa na gaskiya bai taɓa zama a bakinmu ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne aikin da muka yi rani biyu muna yi a cikin rumfar nan bayan an gama awon gyaɗa. Yana da wani littafi da ya zo da shi daga ƙasarsu, cike da zane, mai nuna yadda mutum zai ƙera wa kansa ɗan ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum ɗaya. Ba na soja ba ne, ba na kai wasiƙa ba ne, na shan iska ne kawai, kamar yadda mai hali kan ajiye doki. Ni ya ɗauka don aikin itace, saboda ya ga wani sirdi da na sassaƙa. Aikin yadi kuwa ya ba Baba Ɗanjuma maɗinki, aminin mahaifina, wanda a gabansa aka raɗa mini suna. Na ukunmu Bukar ne, mai tuƙa masa motar gyaɗa, tsohon soja daga Damagaram. Shi kaɗai ke jin Faransanci a cikinmu, don Hausar Mai Sikeli ba ta wuce ta ciniki ba. In Bukar ba ya nan, da hannu muke magana.

Ba zan rage masa haƙƙinsa ba, mutumin ya san itace. Katakon da ya sa aka kawo masa daga bakin teku fari ne, mara nauyi, kana ɗaga shi da yatsa biyu. Kowane sai ya kai shi hasken rana ya bi jijiyarsa da ido daga wannan baki zuwa wancan. In jijiyar ta karkace, ko ya ga ido a jikin katakon, sai murhu. Kowane fiffike yana da doguwar azara guda a cikinsa, ita ke ɗauke da nauyin duka, sa'an nan ƙananan haƙarƙari jere a kanta. Haƙarƙarin dama sai an auna shi da ɗan'uwansa na hagu, in ɗaya ya rinjaya a kankare shi. Danƙon haɗi da sassafe ake dama shi, abin da ya kai hantsi a zubar. Ƙafafun teburin aiki a cikin gwangwanayen kananzir suke tsaye saboda gara. Farfela, wato itacen nan da ke juyawa a hancin jirgi yana jan iska, wata guda na yi ina sassaƙa ta daga falankan maɗaci da muka manne bisa juna. In na ce na gama, sai ya zura ƙarfe a tsakiyarta ya rataye ta. Gefen da ya sunkuya, nan zan koma da wuƙa.

Baba Ɗanjuma ya lulluɓe ƙasusuwan da alawayyo, kowane ɗinki da nasa ƙulli, don in ɗaya ya tsinke kada ya ja sauran. Bayan ɗinki sai a shafe yadin da wani ruwa mai wari da ke zuwa cikin garwa, a bari ya bushe a sake shafawa, har ya ɗame, in ka buga da yatsa ya amsa kamar kalangu. Baba ke shafawa, a rumfa rufe don kada datti ya hau. Tun lokacin ya fara tari. Da aka gama, Mai Sikeli ya sa muka kife fikafikan muka yi ta ɗora musu buhunan yashi, har na kau da kai don kada in ga aikina ya ɓalle. Ba su karye ba. Ya ce, ta bakin Bukar, in itace zai ci amanarsa, ya fi so ya ci a ƙasa.

Amma a kan jirgin nan ba ya da ɗan'uwa. Kun tuna ranar da akuyar Nomau ta kutsa rumfar ta cinye yadin wutsiya, don awaki na son warin ruwan nan. Ya kai ƙara, gardi, wato ɗan sandan Faransawa, ya ɗaure Nomau a tsakar kasuwa ya yi ta zuba masa dorina har ya daina kuka. Har yau Nomau ba ya iya ɗaukar buhu.

Da aiki ya ƙare, kumandan, Bafaranshen da ke mulkin ƙasarmu, ya aiko daga Damagaram cewa bai yarda a tashi jirgin a ƙasarsa ba, wai irinsa ya kashe mutane can ƙasarsu. Mai Sikeli ya yi kwana uku yana fushi. Ran na huɗu ya ce a kwance fikafikai a ɗora a mota. Yana da abokai Nasaran Ingilishi a Kano, akwai fili, kuma can kumandan ba ya da iko. Ba a tambaye mu ko muna son zuwa ba. Ya karɓo takardar wucewa guda mai sunana da na Baba, ya ninke ta ya sa a aljihun rigarsa.

Muka tashi bayan sallar asuba, tsakiyar bazara. Gangar jirgin a tsakiyar mota, fikafikai a tsaye dama da hagu, an cusa harawa tsakaninsu da ƙarfe. Ni na rungumi ɗaya, Baba ya rungumi ɗaya. Kowane rami motar ta faɗa, a ƙirjinmu yake ƙarewa.

A Ɗan Barto, bakin iyaka, gardin duwan, wato kwastan ɗin Faransawa, ya ga farar fata ya ƙame ya sara, ko leƙa bayan mota bai yi ba. Da muka ƙetare wajen Ingilishi sai muka iske wani malamin kwastan, Bahaushe ɗan'uwanmu, da tabarau da babban littafi. Ya zagaya motar sau biyu.

"Mene ne wannan?"

"Jirgin sama ne," in ji Bukar.

"Jirgin sama ta sama yake zuwa. Wannan a bayan mota ya zo."

"To, rubuta abin da ka ga dama, Malam."

"Ba a rubuta abin da aka ga dama a littafin Gwamna."

Nan muka yini a rana. Abin da ya ba ni mamaki, Mai Sikeli ya yi ta faɗa har fuskarsa ta yi ja, malamin nan ko gezau. A wajenmu da tuni ya sha mari. Sai bayan la'asar ya rubuta katako da yadi da injin babur, ya ɗaga mana gora muka wuce. Ba mu yi nisa ba wata mota ta taso mana gaba da gaba. Bukar ya riƙe damansa yadda ya saba, ita ma ta nufo mu nan, sai da muka faɗa gonar wani muka tsira. Ashe su can ta hagu ake bi. Baba ya bugi goshinsa da ƙarfe har ya fashe, amma bai saki fiffiken ba.

Muka sauka Daura, a zangon fatake. Matar mai zangon ta kawo mana tuwon dawa miyar kuka, da fura mai yaji fiye da tamu. Can ba ka ganin gardi ko ɗaya. Dogaran sarki ke yin komai, Nasara kuwa sai a yi wata ba a gan shi a ƙauye ba. Kada ku ce daɗi suke sha, bulalar dogari ma na ga tana aiki. Muna cikin ci wani mutum ya durƙusa kusa da mu, ya ce ya ji harshenmu ne. Mutumin Dungu ne, ya gudo shekarun baya lokacin ɗibar soja, yana sayar da ruwa a Daura. Ya faɗi sunan mahaifiyarsa, ya ce ko mun san ta. Baba ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Ɗana, sai haƙuri. Bara da kaka aka yi mata sutura. Ni na ɗinka likkafanin."

Mutumin ya ce Allah ya jiƙanta. Ya yi mana godiya, ya ɗauki tulunsa ya koma rijiya.

Mai Sikeli an ba shi ɗaki a barikin baƙi ya ƙi, ya shimfiɗa bargo ƙarƙashin mota don kada a taɓa masa kaya. Sauro ya yi yadda ya so da shi. Kafin mu kai Kano zazzaɓi ya kama shi, idanunsa suka yi rawaya.

Kashegari, tsakanin Daura da Kazaure, muka iso wani rafi da ya ƙafe, yashi zalla, faɗinsa ya kai jifa biyu. Motar ta shiga ta nutse har ciki. Dole a sauke kaya. Bukar ya je ƙauyen da ke bakin gaɓa, ya dawo da dagaci da dogarinsa da mutum wajen goma da aka taso daga sharar gona. Aka ƙetarar da fiffiken hagu lafiya. Na dama, ni na riƙe gindinsa, mutum uku a tsakiya, can bakinsa kuwa wani dattijo mai furfura, ƙafarsa ɗaya da kurkunu an ɗaure ta da tsumma. Mun kusa hawa gaɓa ƙafar ta ƙi shi. Ya durƙushe, fiffiken ya sauka bisa wani kututture da yashi ya rufe rabinsa.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an taka busasshen kara. Sauran ba su ma kula ba. Amma ni hannuna na kan azarar, ta cikin tafina na ji ta, kuma shekara ashirin ina sassaƙa, na san kukan itacen da ya buɗe daga ciki. Yadin bai yage ba, ko tabo babu. Mai Sikeli na ƙarƙashin mota shi da Bukar suna cusa katako bayan taya. Dogari na tsaye da bulala a kafaɗa, ya juyo yana tambayar me ya faru. Dattijon ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa bayan Nomau nake gani.

"Ba komai," na ce. "Tashi, Baba, ɗaga mu je."

Na ce a raina, in mun kai Kano, tsohon nan ya yi nisa da bulala, sai in faɗa. Da motar ta fita muka hau, Baba Ɗanjuma ya yi ta kallona ta saman gangar jirgin. Can ya ce, "Isuhu, fuskarka ta sake tun rafin can." Na gaya masa. Ya yi tari, ya ce, "Ka ceci tsoho, Allah ya ba ka lada. Amma ran wani mutum na kan itacen nan. Kada ka kwana da maganar a Kano."

A Kazaure zauren wani mahauci muka samu. Ya kawo mana romon kai, ban iya sha ba. Wata tsohuwa ta leƙa motar ta ga gangar jirgin lulluɓe da farin yadi, ta tambaye ni ko gawar Nasara muka ɗauko. Bukar ya yi dariya. Ni da Baba ba mu yi ba.

Kano kuwa, da kuke ta tambaya, ban ga rabin abin da fatake ke faɗi ba, don hankalina ba ya jikina. Na ga ganuwa. Na ga jirgin ƙasa yana huci kamar zai cinye tasha. Na ga buhunan gyaɗa an tara su sun fi kowane tudu na ƙasarmu, na ce ashe nan wahalarmu ke taruwa. An sauke mu a Fagge, gidan wani Alhaji mai masaukin Damagarawa. A bakin titi akwai ƙarfen da ake murɗawa ruwa ya zubo, ba guga ba igiya, amma mata na faɗa a kansa fiye da yadda namu ke yi a rijiya. Abincin kasuwarsu da jan man nan na kudu ake yin sa, manja. Baba ya ci sau ɗaya cikinsa ya ɓaci, ya koma kunu. Man mota da muke ce wa isansi, su fetur suke cewa. Kuma ba wanda ya damu da kai, sai ka yi wa mutum sallama ya wuce bai amsa ba.

An kai jirgin wani fili bayan gari, inda jiragen Nasara ke sauka, aka ba mu rumfa. Ran da muka fara ɗaura fikafikai na ja Bukar gefe na gaya masa duka, na ce ya faɗa wa maigida.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ka haukace? Zai ce don me ba ka faɗa a rafi ba. Sa'an nan ya juyo kaina, ni da na kawo mutanen. Na ga an ɗaure mutum a kan abin da bai kai wannan ba."

"Bukar, zai mutu."

"Ka gani da idonka ya tsage?"

"Na ji."

"Ka ji. To, ni ban ji ba, kuma bakina ba zai ɗauki wannan ba."

Na bar kwana biyu suka wuce ina cewa gobe. Wannan kwana biyun ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ran na uku Baba ya kama hannuna ya ja ni har gaban Mai Sikeli. Na kai shi wurin fiffiken dama, na ƙwanƙwasa daidai wurin, na ɗauki kara na karya a gabansa, na ce, "Ciki. Ba kyau." Ya gane. Ya kara kunnensa ya ƙwanƙwasa, ya je ya ƙwanƙwasa na hagu, ya dawo ya kama bakin fiffiken ya girgiza. Itacen bai ce komai ba. Ya kira Bukar, dole ya zo ya tsaya tsakaninmu. Ya tambayi me ya sa nake zato. Na ce fiffiken ya faɗi a rafi bisa kututture, na ji ƙararsa a hannuna. Abin da Bukar ya mayar masa gajere ne, bai kai rabin tsawon abin da na faɗa ba. Daga baya Bukar ya gaya mini abin da ya ce masa, wai girgizar hanya ce ta sa ni shakka.

Baba ya fito da almakashinsa, ya ce a bar shi ya farke yadin a duba, zai mayar. Mai Sikeli ya ce ruwan shafe yadi ya ƙare, babu shi a Kano, in an farke sai an jira a kawo daga teku, kafin nan damina ta sauka, kuma ya riga ya gayyaci abokansa ran Lahadi. Na ce to a kife a ɗora yashi kamar yadda muka yi a gida. Ya tsaya yana kallon fiffiken, zufar zazzaɓi na ɗiga daga haɓarsa. An riga an ɗaure wayoyi duka, yini biyu ya yi yana daidaita su. Ya dafa kafaɗata, ya ce da Hausarsa, "Isuhu tsoro. Itace mai kyau. Kai ka yi."

Ran Asabar bayan asuba aka yi gwajin farko. Duk abin da littafinsa ya ce ya yi. Ya tace man ta cikin tsohuwar hularsa ta gashi saboda ruwa da yashi. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da yatsa yana saurare kamar mai gyaran garaya. Ya taɓa kowace ƙusa. Ya sa aka ɗaura tsumma a kan gora don ya ga inda iska ta fito, saboda jirgi fuskantar iska yake yi ya tashi, haka kuma yake sauka. Muka tare ƙafafun da duwatsu. Ni ke juya farfela. Ba a naɗe yatsu a kanta, tafi kawai ake ɗorawa, ka ja ƙasa ka ja da baya a taki ɗaya, in ba haka ba ta raba ka da hannu. A ja na uku injin ya kama. Muka janye duwatsu. Ya yi gudu, ya yi gudu, sai na ga haske tsakanin ƙafafunsa da ƙasa. Ya yi sama kamar tsayin ɗaki biyu, ya miƙe har ƙarshen fili, ya sauka. Ba zan ɓoye muku ba, na yi ihu. Abin da na sassaƙa da gizagon ubana ya bar ƙasa. Baba na dariya yana tari yana share ido. Na ce a raina, watakila kunnena ne ya yi mini ƙarya.

Ran Lahadi abokan nasa ba su zo da wuri ba. Sai da suka je cocinsu, suka karya, sa'an nan suka iso da matansu da laimomi, rana ta riga ta yi zafi. Shi da bakinsa ya sha gaya mana ba a tashi in ƙasa ta ɗau zafi, don iska kan yi ramuka da tudu ta riƙa jifa da ƙaramin jirgi. Ga ƙananan guguwa na yawo a ƙarshen fili. Na nuna masa su. Ya duba, ya dubi mutanen da suka jeru a inuwa, ya sa hularsa ya shiga.

Na juya farfelar. Da na ƙi, da wani ya juya, na sani. Amma ni na juya.

Ya tashi lafiya. Wannan karon bai sauka a ƙarshen fili ba, ya yi ta hawa har ya koma kamar shirwa, ya karkata ya zagayo ta kanmu. Matan suna tafi. Na ga jirgin ya yi tsalle sau ɗaya, kamar doki ya ci karo da rami. Sa'an nan fiffiken dama ya naɗe ya koma baya bisa gangar, a hankali, yadda ake rufe ƙofa. Ƙarar sai daga baya ta iso mu. Ya juya sau uku ko huɗu ya faɗi cikin wata gona da aka share, injin na kuka har ƙasa.

Ni na fara isa. Bai kama wuta ba. Yana ciki, ƙafafunsa sun shige inda bai kamata ba, jini na fita ta hanci da kunne, idonsa buɗe. Azarar ta fito tsirara kusa da kansa, ta rabe daidai inda na ƙwanƙwasa. Rabin tsagin sabo ne fari fat, rabin kuwa ya dushe, kana gani ka san ya kwana. Ya dube ta, ya dube ni. Ya motsa baki, ban ji abin da ya ce ba, ko na ji ma ba harshena ba ne. Aka ture ni, aka ɗauke shi a mota. Kafin la'asar Bukar ya zo ya ce ya cika.

Kashegari suka binne shi a maƙabartarsu, cikin akwati, da kaya a jikinsa, ba likkafani yadda muka sani. Mu muka tsaya bayan shinge. Wani Nasaran 'yan sanda ya tambaye mu ta bakin tafinta wa ya ƙera jirgin. Bukar ya riga ni, ya ce mamacin ne da kansa, mu miƙa masa kaya kawai muke yi. Aka rubuta, aka sallame mu, ban buɗe baki ba. Rigar da ya faɗi da ita an yanke ta a asibiti an ƙone, takardarmu na aljihunta. Masu kamfanin gyaɗa suka riƙe motar da Bukar a Kano. Ya zo Fagge ya kawo mana ƙuli-ƙuli da goro, ya tsaya a ƙofa bai zauna ba, ya ce mu yafe masa. Baba ya ce, "Je ka, Allah ya yafe mana duka." Ya juya ya tafi.

Muka bi ayarin masu jakuna da suka kawo kanwa za su koma arewa. Tafiyar da mota ta yi a kwana uku muka yi ta a goma sha ɗaya, don Baba ba ya iya wuce hantsi yana tafiya. Madugun, mutumin kirki ne, ya sauke kayan jaki ɗaya ya raba wa sauran ya ɗora shi. Tun daga Kazaure tarin ya fara zuwa da jini. Yakan tofa ya rufe da ƙafa don kada in gani.

Malamin kwastan mai tabarau ya gane mu, ya tambayi ina katako da yadi. Na gaya masa. Ya cire tabarau ya yi salati, ya sa aka ba mu ruwa. A wajenmu ne aka tsare mu. Gardin nan da ya sara da za mu tafi ya miƙo hannu, ya ce takarda. Na ce ta ƙone da rigar maigida. Ya ce kowane magujin haraji da irin nasa labari. Na ce ai ka gan mu a bayan mota. Ya ce shi Nasara ya gani, bai ga kowa a baya ba.

Ana gyaran hanyar Ɗan Barto kafin damina ta kankama, ana neman hannu. Aka ba kowannenmu kwando. Marmara muke ɗauka daga rami zuwa hanya, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, abincinmu jiƙaƙƙen gero. Na roƙi gardi ya bar ni in riƙa ɗaukar kwando biyu tsoho ya zauna. Ya yarda da kwando biyun, bai yarda da zaman ba. Na ba wani mai zuwa kasuwar Matamaye saƙo a gaya wa mutanenmu. Matamaye fa, da in ka tashi da asuba a gida za ka yi la'asar.

Ran na tara, da hantsi, Baba ya ajiye kwandonsa a hankali, ya je gindin wani gawo ya zauna. Gardi ya taso da dorina, ya dubi fuskarsa, ya juya ya tafi. Na tallafe shi. Ya ciro 'yar jakar fatar da yake ajiye allurai da almakashi ya sa mini a hannu.

"Kai wa Hajo. Ka ce kada ta sayar da almakashin, na ubana ne."

"Baba, kai za ka kai mata. An aika gida."

"Isuhu, bar wannan. Matso. Ai ka faɗa wa Mai Sikeli. A gabana ka faɗa. Kada ka riƙa cewa ba ka faɗa ba."

Ya yi kalmar shahada, ya sake yi, ta uku bai ƙarasa ba. Mu 'yan aikin hanya muka yi masa wanka da ruwan tulu guda. Wani malami daga Yauri, shi ma kamo shi aka yi, ya yi masa salla. Mutumin da ya ɗinka wa rabin garin nan likkafani, a cikin rawaninsa muka naɗe shi. Bayan kwana biyu manzon sarkinmu ya zo daga Kance da takarda mai suna biyu. Aka sake ni.

Ban fara zuwa gidana ba. Na wuce gidan Baba na yi sallama. Matarsa Inna Hajo ta riga ta ji, tana cikin takaba, zaune bisa tabarma a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ajiye jakar a gabanta, na faɗi saƙon almakashi. Ta buɗe, ta taɓa alluran ɗaya bayan ɗaya, ta rufe. Sa'an nan ta ɗago kai.

"Isuhu, abin ya tashi kuwa?"

"Ya tashi, Inna. Har ya kai inda shirwa ke kai."

"Da ya faɗo, ɗinkin mai gidan nan ne ya saki?"

"A'a, Inna. Na duba da idona. Ko zare ɗaya bai tsinke ba."

"To, me ya saki?"

"Itacen," na ce. "Aikina."

Ta dube ni. Ta jawo ƙwaryar ruwa ta turo mini.

"Sha," ta ce. "Ka yi tafiya."